Baƙon da Ya Zo Jin Ƙara

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, har 'yan kabu-kabu suka koma kashe babur a gangare, ita ce shekarar da na bi ma'aikatan gwamnati zuwa awon ƙara. Tun da na dawo, duk wanda ya tsaya gaban buhunan hatsina a kasuwa sai ya tambaye ni yadda aka yi. Abokan karatuna na ajin yaƙi da jahilci ma haka. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya tambaya in miƙa masa.

A Damba nake zaune, nan Gusau, amma asalinmu Wonaka. Da zaman ƙauye ya yi wuya saboda 'yan bindiga, sai na je na ɗauko mahaifiyata, Inna, na ba ta ɗakin ƙuryar gida. Bayan katangar ɗakin akwai ɗan fili, bayan filin kuma dutsen da Alhaji Garba yake fasawa yana sayar wa magina tsakuwa. Injinsa na niƙa dutse ba ya hutawa dare da rana. Nakiya kuwa sai dai ka ji ta kawai, kwanoni su yi tsalle a kan kanta. Mu mun ɗan saba, Inna ba ta saba ba. Barci ya ƙaurace mata, ta rame. Rannan ta kira ni ta ce, "Isa, da an yi girbi ka maida ni Wonaka. Can in an zo kashe ni sau guda za a yi. Nan kullum a kai."

Na san Inna, in ta faɗi magana ba ta janyewa. Na kuma san abin da ke Wonaka.

Mun daɗe da kai kuka ma'aikatar muhalli. Dawa ta fara ja sai ga amsa: za a zo a auna ƙarar a wuri uku, Kucheri, da wani dutse kusa da Bungudu, sannan Damba a ƙarshe. Sun nemi mutum ɗaya cikin masu ƙorafi ya bi su tun daga farko ya ga yadda ake awon, don kada gobe a ce an yi rufa-rufa. Mai unguwarmu ya nuna ni, ya ce, "Kai ne ma'auni, kai ka san in an danne tiya." Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Ƙara? Da tiya za su auna ta ko da kwano?"

Mu uku ne a motar. Malam Lawali shi ne jami'in, siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Bawa direba kuma shi ke yin maganar mutum uku. Tun kafin mu fita gari ya raɗa mini suna Sarkin Awo, ya ce in na ga abin da gwamnati ke awo da shi zan jefar da tiyata a rijiya. Na'urar tana cikin wata 'yar jaka a cinyar Malam Lawali. Kamar babbar waya take, da baƙin soso a kanta, tana da sanda mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai. In an yi motsi sai lamba ta hau a fuskarta, in an yi shiru ta sauka.

Mun wuce dutsen Kwatarkwashi kaɗan sojoji suka tare mu a shinge. Ɗaya ya buɗe jakar, ya ja da baya, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Wannan menene?" Malam Lawali ya ce abin jin ƙara ne, ya kunna masa. Sojan ya matso ya daka tsawa a kan soson, lamba ta yi sama. Sai ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gwada. Haka muka tsaya su biyu suna gasar tsawa, motoci sun yi layi a bayanmu, har na biyun ya ci. Shi ya ɗaga mana itacen shingen da kansa yana dariya.

Kucheri tana gaba da Tsafe, dab da iyakar Katsina. Abin da na fara lura da shi da muka sauka daga titi shi ne shiru. Ga tarin tsakuwa, ga injin can gindin dutse, amma har kukan kurciya ana ji. A ƙofar gidan maigari an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun sha manyan riguna, an yanka rago, ga fura a ƙwarya an rufe da faifai. Irin tarbar nan ko a bikin ɗan sarki sai haka. Su a can ba a barin baƙo ya ɗebi fura da kansa. Wani dattijo ne ke cika ludayi ya miƙo maka, kana shanyewa ya sake cikawa, sai ka kife ludayin kafin ya bari. Ni ban sani ba, na yi ta sha don kunya har Bawa ya zungure ni.

Bayan an gaisa Malam Lawali ya kafa na'urarsa. Lamba ta kwanta ƙasa ta ƙi tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ba sa aiki ne?"

Maigari ya gyara zama, fuskarsa cike da jin daɗi. "Ai mu muka aika tun jiya a kashe shi. Baƙon gwamnati zai taho tun daga Gusau mu tarbe shi da wagga hayaniya? Da yana aiki ko gaisuwarmu ba ka ji, balle kukanmu."

Malam Lawali ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya yi musu bayani a hankali cewa shi ba kukan baki aka aiko shi ya rubuta ba, wannan yana ofis tuni. Abin da na'ura ta ji shi zai kai. Aka tashi mutum da gudu ya kira mai tada injin, sai aka ce ai da ya ji yau hutu ne ya sa mabuɗi a aljihu ya tafi Yankara wajen 'yan'uwansa. Bawa ya ɗauke ni muka bi shi. A nan na taka ƙasar Katsina karon farko a rayuwata, ban ga bambanci ba sai ramukan titi da suka canza kama. Mun tambaya a tasha, mun tambaya wajen masu nama, kowa ya ce yanzun nan ya bar nan. Rana ta karkata, hanyar kuwa ba a yin yamma a kanta, dole muka juyo hannu wofi.

Muna haɗa kaya wani tsoho ya dafa sandar na'urar, ya sa baki a kan soson, ya yi ta kwaikwayon injin da maƙogwaro har tari ya kama shi. Ya ce, "To rubuta wanga, haka yake yi, sai dai nashi ya fi." Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Malam Lawali ya rubuta cewa ya tarar da inji a kashe. Ya gaya musu gaskiya, rana ɗaya aka ba kowane gari, sai in an sake zagayowa, wataƙila baɗi.

Baɗi. Ina jin kalmar nan na tuna maganar Inna, ga girbi saura kaɗan. Kuma na san mutanen Damba, da ina gida da bakina za a aika wa Alhaji Garba ya kashe inji. Muna isa Tsafe na kira mai unguwa.

"Baba, don Allah kada a ce wa Alhaji ya kashe inji ranar da za mu zo."

"Ai an gama wannan," in ji shi. "Ni da kaina na je. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce har yaransa zai ba hutu. Ka ga ɗan halak."

Na ba shi labarin Kucheri. Sai ya ce, "To yanzu in koma in ce masa ya kunna inji don a kama shi? Kai Isa, da wane baki?"

A Tsafe muka kwana, a zauren surukin Bawa, wani tsoho mai suna Baba Ɗanlami. An kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, mai tsami fiye da yadda matata Hadiza ke yi, na ci kaɗan don raina ba ya wurin. Da asuba muka yi salla a zauren, muka ce mu kama hanya da sanyi. Muka fito, babu takalmanmu, har na Malam Lawali masu igiya. Na ce shi ke nan, ɓarayi. Bawa ya kwashe da dariya ya ce, "Zauna, Sarkin Awo, aikin tsoho ne." Ashe ɗabi'ar Baba Ɗanlami ce, in ya yi baƙi sai ya kwashe takalmansu ya kai cikin gida, ba ya fito da su sai an karya kumallo. Ya leƙo ya ce, "Wanda ya fita gidana da yunwa, mi zai ce a garinsu?" Muka zauna ƙafa ba takalmi muna jiran koko da ƙosai, Malam Lawali yana duba agogo, ba yadda zai yi.

Ina cikin shan kokon nan tunani ya zo mini. A Kucheri ba kashe injin ne ya kashe su ba, tafiyar mai mabuɗi ce. Na koma gefe na kira Hadiza. Na ce ta buɗe buhun shinkafar da na ajiye, ta sa a yanka zakaru, ta aika wa Haruna mai tada injin Alhaji da sauran ma'aikatan cewa su ma maƙwabta ne, su zo gobe a tarbi baƙi tare, akwai abinci. Na ce, "Amma kada ki sauke tukunya sai kin ga motarmu."

Ta ce, "Malam, mutanen da suka hana Inna barci zan yi wa girki?"

Na ce, "Su fa. Ki sa mai da yawa."

Hanyar Bungudu ta cikin Gusau take bi, mun wuce ta bakin Damba ina kallon rufin gidaje ban sauka ba. Kafin mu shiga Bungudu Bawa ya tsaya ya sayi hoce, gasasshiyar wainar dawa, a bakin titi, wai wanda ya zo nan bai ci ba bai zo ba. Ni hocen bai dame ni ba, mu ma muna yi a Wonaka, amma nasu ya fi kauri, kuma da ƙuli suke ba ka shi.

Dutsen Bungudu daban yake. An taɓa auna su a baya, wannan zuwan na dubawa ne ko suna bin abin da aka gindaya musu. Sun tara ƙasa ta yi tudu tsakanin injin da gidaje, kuma da an yi isha ake kashe shi. Wadda ta ja ragamar ƙorafinsu mace ce, Hajiya Asabe, tsohuwar ungozoma, ita ta tarbe mu a ƙofar gidanta. Ba wanda ya kashe komai, injin yana ta aikinsa can bayan tudu kamar ana niƙa a unguwar gaba. Malam Lawali ya kafa na'ura, ya kira wakilin mai dutsen da Hajiya su duba lambar tare, haka dokar aikinsa take.

Muna zaune na ji an busa usur daga kan dutse. Hajiya Asabe ta ce, "Ku gyara zama, nakiya na tafe." Ni da na ga an kawo ruwa an kawo goro, na ɗauka nakiyar ci ake nufi, ta shinkafa da zuma irin ta biki. Na ja buta na wanke hannu, na gyara hula. Na ga mata suna toshe kunnuwan jarirai, ban kawo komai a raina ba. Sai ƙasa ta girgiza. Ban san lokacin da na tsallake benci na faɗa bayan randa ba, buta na hannuna. Da na ɗago, kowa yana zaune inda yake, wata yarinya ma ba ta daina tsifar kanta ba.

"Sarkin Awo," in ji Bawa yana share hawaye, "a ƙaro maka ko ta ishe ka?"

Hajiya Asabe ta ce ya bar ni. Ta ce su ma da haka suke, har sai da aka sa wa masu dutsen lokaci da usur. "Ƙarar ba ta ragu ba, ɗana. Amma abin da ya yi sallama kafin ya shigo ba ya tsinka maka zuciya." Na riƙe wannan, don tamu ta Damba ba ta taɓa yin sallama ba.

Na kwana a Bungudu wajen wani abokin cinikina, washegari da hantsi muka shiga Damba. Shiru kamar an yi rasuwa. An shimfiɗa tabarmi a gindin dogonyaron ƙofar gidana, mai unguwa da dattawa suna zaune, Alhaji Garba ya sha babbar riga yana tsakiyarsu yana ta fara'a. Idona ba ya kansu. Can gefe na hango Haruna da ma'aikata a kan benci, fuskarsu duk yunwa. Daga baya Hadiza ta ce tun safe Haruna yake cewa zai tafi ƙauyensu, tana aiko masa cewa saura kaɗan. Motarmu na tsayawa aka fito da faranti.

Aka gaisa, aka yi addu'a. Malam Lawali ya gode wa kowa, sannan ya ce, "Alhaji, na ji an kashe inji saboda ni. Allah ya saka da alheri. Sai dai ni ƙarar na zo ji. A taimaka a kunna."

Alhaji Garba ya buɗe hannuwa. "Wallahi da na so, Malam. Amma na sallami yara tun jiya, kowa ya kama gabansa. Mai mabuɗin ma ban san inda yake ba."

Sai kawuna suka juya wajen benci. Ga Haruna, hannu cikin faranti, cinyar zakara a baki, mabuɗin yana rataye a wuyansa da igiya. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Alhaji, don baƙo na roƙe ka ka kashe, ka kuwa yi mini. To ga baƙon ya ce a kunna. Ka ga ai duk girmamawa ɗaya ce."

Alhaji ya dubi Haruna, ya dubi farantin, sannan ya dube ni. "Isa, abincin gidanka ne wannan?"

"Na gidana ne, Alhaji."

Ya kaɗa kai, ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Haruna, wanke hannunka ka je ka tada shi. Ka sa dutse sosai, kada a ce mun rage."

Malam Lawali ya tambayi gidan da ya fi kusa da injin, aka ce nawa, ɗakin Inna. Muka yi sallama muka shiga, ni da shi da Alhaji, tunda dole kowane ɓangare ya ga lambar da idonsa. Inna tana zaune a bakin gado da carbi. Ta ƙare wa na'urar kallo ta ce, "Kai ne mai jin? To zauna ka ji."

Injin ya tashi. Langa-langar rufi ta ɗauki rawa, ruwan da ke cikin kofi a ƙasa ya yi ta ɓari. Na ga lamba tana hawa, ta kai inda Malam Lawali ya nuna mana da yatsa cewa nan ne iyakar unguwar da mutane ke kwana, ta wuce, ba ta dawo ba. Alhaji bai kalli lambar sosai ba. Ya durƙusa zai gaida Inna, ya ce, "Inna, ina wuni?" Ta ga bakinsa yana motsi, ta kara hannu a kunne. Ya ɗaga murya ya sake faɗa. Ta amsa, shi kuma bai ji abin da ta ce ba. Ya ɗan jima a durƙushe yana kallon gadon da bangon da ke bayansa. Gidansa yana can cikin gari, ina jin bai taɓa tsayawa ta wannan gefen katangar ba. Ya tashi ya fita, ya sa hannu a takardar Malam Lawali bai yi gardama ba.

Kafin a gama yankan dawa takarda ta fito. Ba niƙa daga isha zuwa fitowar rana, nakiya sai da rana kuma sai an busa usur, sannan a tara ƙasa tsakanin injin da gidaje. Tudun har yanzu rabi aka yi, kuma wani lokaci Haruna yana ƙara ɗan lokaci bayan isha, sai mai unguwa ya aika. Malam Lawali ya dawo sau ɗaya ba tare da ya sanar da kowa ba. Inna ba ta ce mini ta fasa tafiya ba, ba halinta ba ne. Da aka gama girbi dai ta ce in aika Wonaka a kawo mata awakinta da turminta.

Abin da aka rasa kuwa ga shi. Ma'aikatan dare uku sun rasa aiki, biyu sun samu a wani dutsen, ɗaya har yau yana nema. Mai shayin bakin dutse ya tashi, don cinikinsa na dare ne. Ni na rasa rabin buhun shinkafa da zakaru biyu, na kuma rasa Alhaji Garba, wanda a wurina yake sayen geron gidansa, yanzu ya koma rumfar gaba. Muna gaisawa. Mutanen Kucheri sun rasa ragonsu da shekara guda.